Jeren da Na Yi wa Injunan Ajiya

Har yau a ofishinmu, idan aka tuna ranar da katunan sakamakon yara suka ƙi buɗewa, cewa ake yi ruwan sama ne da ɗauke wuta. Haka Oga ya faɗa wa makarantu a waya, har da rantsuwa, kuma ba ƙarya ya yi ba, iyakar saninsa ke nan. Ruwa kam an yi shi, wuta ma an ɗauke. Amma ai ba a ranar ne unguwar Kawo ta fara zama babu wuta ba. Ni ce. Ni na yi abin da yatsuna wata ranar Juma'a, ina cin gyaɗa, ina jin duk arewacin kogin Kaduna babu mai kai irin nawa.

Kamfaninmu ƙarami ne. Aikinmu ajiye wa makarantun kuɗi bayanansu: rajista, hotunan ɗalibai, maki, katin sakamako. Malami yana zaune a makarantarsu zai shigar da maki, mu kuma mu adana, ranar ba da hutu su buga kati su miƙa wa iyaye. Abin da ke yin ajiyar wasu manyan kwamfutoci ne guda goma sha biyu, marasa allo, cike da fayafan ajiya. Mu injuna muke ce musu. Huɗu suna babban ofis a Unguwar Rimi, huɗu a wani ɗaki bayan shaguna a Kawo, huɗu a Rigachikun, cikin wani gida da Oga ya gina bai tare ba. Duk a haɗe suke, suna aiki kamar rumbu ɗaya. Duk takardar da ta shigo kwafi uku ake yi mata. Ba mutum ne ke zaɓar inda kowane kwafi zai zauna ba, injunan ne da kansu, bisa wata ƙa'ida da aka rubuta musu, 'yan layuka da ba su cika shafi ba.

Ni ba don injuna aka ɗauke ni ba. Sakandare na gama, na yi shekara biyu ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tashar Kawo, sannan aka kawo ni nan in riƙa ɗaukar hoton tsofaffin rajista ina zubawa a kwamfuta. Teburina yana daf da ƙofar banɗaki. In buɗe shafi, in danne, in jira haske ya wuce, in juya. Daga safe har la'asar. Mutum mai haƙuri zai iya yin wannan aiki har ya tsufa. Ni a wata na biyu na fara zagin rajistar da baki.

Mai kula da injunan wata injiniya ce da kowa ke kira Madam, 'yar kudancin Kaduna, ta haura arba'in. Kafin ta amsa tambaya sai ta cire tabarau ta goge. Wannan gogewar tana cin raina, amma ban fasa tambayarta ba. Me ya sa wancan yake ƙifta jar fitila? Me ya sa uku, ba biyu ba? Wata rana ta juyo ta ce, "Ke yarinyar nan, bakinki ba ya gajiya? Jawo kujera." Shekara guda ina jan kujerar nan duk lokacin da na samu sarari. Na koyi karanta lafiyar injuna, na koyi sauya faifan da ya mutu, na koyi gane wanda ya kusa cika.

Sai aka yi mata rasuwa a ƙauye, ana saura mako biyu a ba da hutun ƙarshen zango. Kafin ta tafi ta rubuta min kalmar sirrin da ke buɗe komai, wadda muke kira makulli, a bayan wata takardar biredi.

"Ki haddace ki yaga," in ji ta. "Ki duba su safe da yamma. In faifai ya mutu ki sauya. Ban da wannan kada ki taɓa komai. In na dawo na tarar da su lafiya, makullin ya zama naki, zan gaya wa Oga a ɗauke ki daga teburin can. In kuwa kika yi min wasa, kujerarki tana nan, ba wanda ke sonta."

Na ce, "Haba Madam, ni yarinya ce?"

Ta cire tabarau ta goge.

Ƙarshen zango shi ne lokacin da kowa ke son komai a lokaci ɗaya. Duk malaman da suka yi wata uku suna jan ƙafa sai su taso rana guda su hau shigar da maki. Injuna suka fara nauyi. Waya ta hana mu sakat, kuma da yake Madam ba ta nan, ni ake miƙa wa. Wani malamin lissafi ya ce min, "Baiwar Allah, na danna sunan yaro, na je na yi alwala, na dawo, abin nan yana nan yana juyawa. In je in yi sallar ma gaba ɗaya?" Na ce ya je, ya sa mu a addu'a. Oga ya harare ni.

Na zauna na bi abin a hankali, wanda ba halina ba ne, kuma na gano wani abu na gaskiya. Wannan yabon kam ba zan hana kaina ba. Idan aka nemi takarda, a cikin kwafi ukun nan na farko ne ke amsawa. Injunanmu kuwa kala uku ne. Akwai sababbi huɗu masu gudu, akwai matsakaita huɗu, akwai tsofaffi huɗu masu gurnani kamar injin markaɗe. Duk takardar da kwafinta na farko ya faɗa kan tsohon inji, mai nemanta zai yi alwala ya dawo. Wadda ta dace da sabo kuwa, kafin ka ɗauke yatsa ta fito.

Na buɗe taswirar da Madam ta rubuta wa injunan. Gida-gida ta jera su: Unguwar Rimi, Kawo, Rigachikun. A kowane gida an cakuɗa sabo da tsoho da matsakaici. Ina gani na ji idona yana ƙaiƙayi.

Nan sai in faɗi wani abu game da ni. A danginmu, in za a kai amarya, ni ake aika wa keke ya ɗauko don jere. Tun ina aji uku na sakandare nake wannan aiki. In na shiga ɗakin amarya sai in kori kowa, har gwaggonni. Tangaran da tangaran, silba da silba, manya a ƙasa, ƙanana a sama, masu ƙyalli a gaba inda 'yan ganin ɗaki za su fara kai ido. Na taɓa sauke kabad guda da wata ƙanwar babana ta yi rabin yini tana jerawa, saboda ta sa kofin roba a tsakanin na gilashi. Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. To mai irin wannan idon aka bar wa makulli, aka ce ta duba kawai.

Ranar Juma'a makarantu na tashi da wuri, maza kuma sun tafi masallaci, ofis ya yi tsit. Na sayi gyaɗa a bakin ƙofa, na zauna a kujerar Madam. Na goge gidajen nan uku daga taswira, na yi sababbin rukunai uku: sababbi wuri ɗaya, matsakaita wuri ɗaya, tsofaffi wuri ɗaya. Na rubuta ƙa'ida: kwafi na farko ya je wa sabo, na biyu matsakaici, na uku tsoho. Masu ƙyalli a gaba. Na kalli shafin, wallahi ya yi kyau.

Da na ce a karɓa, sai injin ya ƙi. Ya fito da jan rubutu, yana ƙorafi a kan wani layi ɗaya da ya rage daga ƙa'idar Madam. Layin cewa yake kowane kwafi ya zauna a gida daban. Tunda na goge gidajen, injin bai san me ake nufi da gida ba. Na karanta layin, na fahimci kalmominsa sarai, kada wani ya ce Turanci ne ya gagare ni. Kawai ban tsaya na tambayi kaina me yake yi a wurin ba. Abu ne ya tare min hanya yana ƙara, ni kuma tun ina ƙarama abin da ke ƙara cire shi nake yi. Na goge layin. Jan rubutu ya ɓace. Na kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga siket ɗina.

Asabar da Lahadi injuna suka yi ta kwasar kaya daga wannan zuwa wancan, kamar masu tashi daga haya. Ranar Litinin da safe komai ya koma mazauninsa, kuma abin ya yi gudu. Ba ƙaramin gudu ba. Waya ta yi shiru. Malamin lissafin nan ya kira da kansa ya ce, "Baiwar Allah, me kuka ba shi ya ci?" Oga ya fito daga ofishinsa yana tafa hannu, ya aika aka sayo tsire da lemo da rana tsaka, ya ce daga yau sunana Injiniya. Na ce a'a Oga, ai ɗan gyara ne. A zuciyata kuwa har na fara tunanin wane irin tabarau zai dace da fuskata.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ina ta zana mata injuna a iska. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ita matar ta ce ki taɓa?"

"Mama, ba za ki gane ba. Gyara na yi."

"Ke da ba kya iya jiran ruwa ya tafasa. Allah ya sa gyaran ne."

Na ce amin da ƙarfi don ta ji haushina.

Ranar Alhamis ta mako na biyu ita ce ranar raba kati a yawancin makarantunmu. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Falwaya ta faɗi a Kawo, wuta ta ɗauke. Janaretan ɗakinmu na can ruwa ya shige shi, ya ƙi tashi. Batura suka riƙe na ɗan lokaci, wajen ƙarfe goma suka ƙare, injuna huɗun Kawo suka mutu. Na gani a allona, ko gezau ban yi ba. Sau nawa Kawo ta mutu a gabana? Sauran gidaje biyun ke ɗaukar aikin, ba wanda ke ma sani. Har na juya na ce wa mai karɓar baƙi, "Kawo ta tafi hutu kafin yara."

Ban rufe baki ba waya ta yi ƙara. Shugabar wata firamare ce a nan Unguwar Rimi, dattijuwa mai sanyin murya.

"'Yata, iyaye na tsaye a baranda, ruwa na feso su. Katunan aji huɗu sun fito, ban da na yara bakwai. Na danna, na sake dannawa. Akwai uwa ɗaya a nan da ta baro aiki a asibiti ta zo, me zan ce mata?"

Na ce ta ba ni minti biyar. Kafin minti biyar ɗin wasu makarantu uku sun kira. Ba aji guda ne ya ɓace ba, ba makaranta guda ba. Nan yaro biyu, can biyar, can hoton ɗalibi babu. Na ɗauki sunan yaro ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, na tambayi injuna ina katinsa yake. Suka ba ni amsa a layi uku, tsaf-tsaf, yadda nake so. Kwafi na farko yana kan sabon inji, a Kawo. Na biyu yana kan matsakaici, a Kawo. Na uku yana kan tsoho, shi ma a Kawo. Sun bi ƙa'idata babu kuskure ko ɗaya. Ni ce ban gaya musu cewa ukun a ɗaki ɗaya suke ba, waya ɗaya ke ba su wuta, janareta ɗaya ke jiƙe a bayansu.

Na tashi na shiga banɗaki, na wuce ta gaban tsohon teburina, na ga rajista a jibge tana jirana.

Oga yana ta safa da marwa, waya a kunne, yana tsine wa iska da falwaya, yana neman makanikin janareta. Ana cikin haka Madam ta shigo, kai tsaye daga tasha, da jaka a kafaɗa da ƙullin citta da ta kawo mana tsaraba, zanenta jiƙe har gwiwa. Aka yi mata gaisuwar rasuwa a tsaitsaye. Oga ya ce, "Madam, Allah ne ya kawo ki. Kawo ta faɗi, ta tafi da katunan mutane."

Ta ajiye jaka. "Kawo ta faɗi," ta maimaita a hankali. Ta dube ni. Na duba citta.

Ta jira Oga ya koma ofishinsa, sannan ta jawo kujera kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, tun da kika zo nan, sau nawa Kawo ta faɗi?"

"Da yawa."

"Sau nawa aka kira mu?"

Na sake duba citta.

"Buɗe min taswira."

Na buɗe. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta koma sama. Ta cire tabarau, ta goge, ta goge, har na ji kamar in fizge in goge mata.

"Kai, amma ya yi kyau," ta ce. "Kamar kabad ɗin amarya. Ina gidajena?"

"Na... sun cakuɗe ne, Madam."

"Ina layina?"

"Ƙara yake yi."

"Ƙara yake yi." Ta gyaɗa kai. "Ni ma ai ina ƙara. Allah ya taimake ni ba a cikin kwamfuta nake ba."

Ba abin da za a iya yi daga inda muke. Katunan suna cikin ɗaki mai duhu a Kawo, sai an tashi injunan. Makaniki ya isa bayan azahar, ya kwance, ya busar, janareta ya tashi wajen ƙarfe uku. Katunan suka dawo duka, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma iyaye sun riga sun watse. Ni na kira shugabar firamaren nan na ce ta gwada. Ta ce sun fito, ta gode, sai dai uwar nan ta koma aiki da yaronta yana kuka, shi kaɗai a layinsu ba shi da kati a hannu. Ta faɗa ne ba da faɗa ba, ta ma ce Allah ya yi min albarka. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da yamma Madam ta sa ni na zauna, ta ce, "Yau ruwa ne, janareta ya bushe ya tashi. Da gobara ce a shagunan nan fa?" Ba ta jira amsa ba. Ta dawo da gidajen uku cikin taswira, ta dawo da layinta. Na ɗauka za ta share duk abin da na yi. Sai na ga ta bar rabi. A cikin kowane gida ta sa wa kowane inji alamar kalarsa, ta rubuta cewa kwafi na farko ya je wa sabon inji, sauran biyun kuma dole su tafi wasu gidajen daban. Kowane gida dama yana da sabo aƙalla ɗaya.

"Abin da kika gano daidai ne," in ji ta. "Ni ban lura ba. Gudun zai zauna. Layi biyu kawai ake buƙata, ke kuma kika rushe gari."

Ta sa injuna su kwashe kayan a hankali, don kada su toshe hanya ga makarantun da ba su gama ba. Na tambaye ta kwana nawa zai ɗauka. Ta ce biyar ko shida. Bakina ya riga ni: "Ba za a iya ƙara masa sauri ba?" Ta juyo gaba ɗaya ta kalle ni. Na ce wasa nake. Ba wasa nake ba.

Washegari na tattara ƙarfin hali na shiga wurin Oga, na ce laifina ne, na fara yi masa bayanin kwafi da gidaje. Ya saurare ni rabin minti yana duba wayarsa, ya ɗaga hannu. "Injiniya, bar wannan tawali'un. Ke kika kayar da falwaya? Je ki yi aikinki." Na fito da laifina a hannu, babu mai karɓa.

Saura Madam. Ba ta sauya makullin ba, ba ta kuma ce nawa ne ba. Da na gaji da jira, wanda bai wuce yini biyu ba, na tambaye ta kai tsaye: in koma teburin can ne ko in zauna?

"Na yi miki sharaɗi, kin karya," ta ce. "Kin kuma gano abin da ya shige min. Na rasa wanne zan bi. Ke ki faɗa min abin da ya dace da ke, in ji ko kin san kanki."

Na so in amsa nan take, kamar kullum. Na cije leɓe na ce ta ba ni zuwa Litinin. Ta ɗaga gira.

A kwana biyun nan na tuna wani abu da ya ba ni kunya. Shekara guda ina kula da injuna goma sha biyu, huɗu kawai na taɓa gani da idona. Ɗakin Kawo ina wuce bayansa kullum a keke, ban taɓa leƙawa ba. Rigachikun kuwa suna ne kawai a allo. Ban san wace waya ke ba wane inji wuta ba, ban san inda janareta ke zaune ba, balle in san ruwa na iya kai masa.

Ranar Litinin na ce mata ga abin da na yanke. Ta raba makullin biyu. Ta bar min na dubawa da na rubuta gyara, ta riƙe na zartarwa, kada wani layi nawa ya shiga injuna sai ta karanta, har ranar da ita da kanta ta gaji da karantawa. Ni kuma zan ɗauki littafi da biro in je Kawo, in je Rigachikun, in bi kowace waya da hannuna daga bango har bayan inji, in zana abin da na gani in kawo mata.

Ta ce, "Rigachikun da nisa, ga damina. Mai gadin can kuma sai ya gama ba ki labarin gonarsa kafin ya buɗe ƙofa."

Na ce zan jira shi.